Kunkuru a Kan Tafkin Ɓawo

Da sunan Wanda ya rataye taurari ba da igiya ba, ya shimfiɗa duniyoyi ba da turaku ba, ya sanya tazara tsakanin mai kira da mai amsawa. Ni ce Kuluwa 'yar Nomau, matar marigayi Madugu Anaruwa, haifaffiyar Birnin Lilo, birnin da ke reto a sarari tsakanin haske da duhu. Karatuna bai yi nisa ba, hannuna kuma ya fara rawa, amma na gaji da jin labarina a bakin mutane, wannan ya rage, wancan ya ƙara. Don haka jikokina, ga shi daga hannuna. Wanda zai karanta wa sauran ya ɗaga murya, kuma kada ya tsallake inda bai yi masa daɗi ba.

Can nesa da birninmu akwai Duniyar Kanwa. Fara ce fat, har ido ya yi ciwo. Ƙasarta ɓawo ne a kan laka mai zafi, kuma babu iskar shaƙa a cikinta ko ta cikin cokali. Amma a ƙarƙashinta akwai ruwan daɗi, mu kuwa rijiyoyin Lilo ba sa cika. Shi ya sa tun kakanni ake tura mata na'urorin nan da muke kira kunkuru: ƙafa shida, faranti a baya mai shan rana, ido a kan dogon wuya. Kakanku ya ƙare rayuwarsa yana tura su daga nesa, bai taɓa taka ƙasar ba.

A shekarar da nake ba ku labari, aka ce na'ura ta yi iyakar yinta, sai mutane sun sauka da kansu. Cikin waɗanda suka sauka har da 'yar farina. Kun san ba na kama sunanta. Uwar mijina ce ta raine ta, Yaya take ce mini, kuma tun da aka haife ta ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Haka muka taso muka tarar.

Ina tsakar gida ina tankaɗe, maƙwabta na zaune, sai ga Hansatu, ƙawarta, wadda ke aiki a Hasumiyar Aike. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

“Inna, watannin Kanwa biyu sun haɗu a sama, ɓawon ƙasa ya tsage. Ya haɗiye jirginsu da duk kunkurun ƙungiyarsu. Mutum uku suka tsira. Maza biyu 'yan Birnin Tagulla suna gabas, ɗakinsu lafiya lau. Ita kuma tana yamma ita kaɗai, tukunyar iskarta ta tsage. Kafin wani jirgi ya isa, numfashinta ya ƙare.”

Na ce, “Allah ya kyauta.” Na ƙarasa tankaɗena, na kife rariya, na shiga ɗaki. Na zauna a bakin gado. Hansatu ta biyo ni ta durƙusa.

“Akwai kunkuru ɗaya da ya rage, Inna. Tsohon na Baba Madugu. Yana barci a kan tudu, kusa da rumbun tulunan iska da magani. Amma ba ya tashi sai da tafin hannun magajinsa.”

Na dubi tafina, gari ne fal a jiki. Na goge a zani na ce, “Ɗauko mini mayafi.”

Hasumiyar Aike tana can bakin sarari, kuma ba a zuwa sai a kwandon igiya, daga birni zuwa birni. Muka wuce Birnin Masu Saƙar Haske, inda ake shanya hasken rana a kan igiya kamar wanki. Muka wuce rijiyar da ruwanta ke zuba sama. Ban tsaya kallo ba. Sai a Birnin Masu Tarba aka tare mu. Su dokarsu, baƙo ba ya wucewa sai ya ci abinci a kowane gida na unguwar da ya sauka, unguwar kuwa ido ba ya ganin ƙarshenta. Mai unguwa ya riƙe igiyar kwandonmu yana murmushi.

“Hajiya, ko sarki ya zo sai ya ci. Gidana za a fara.”

Hansatu ta fara yi masa bayani, yana ta gyaɗa kai, hannunsa bai saki igiya ba. Na ga mutanen kirki ne, kuma kirkin nasu zai kashe mini 'ya. Na ce, “Mai unguwa, mu a Lilo wadda mijinta ya rasu ba ta cin na wani sai ta fara ciyar da shi. Ku ba ni babbar tukunyarku.” Ban ce muku gaskiya ce ba. Suka kawo, na yi dambu na zuba zogale da ƙuli, na tara su duka na zaunar. Da kowa ya sa hannu a akushi, na ce, “To, yanzu ku ne baƙina. Ku ci, bari in ɗebo muku ruwa.” Ni da Hansatu muka zagaya bayan rumbu muka faɗa kwando. Har yau suna bi na ruwa.

A ƙofar Hasumiya muka tarar da Sarkin Aike Dogara, abokin kakanku tun suna samari.

“Kuluwa! Tsufa bai yi miki adalci ba.”

“Kai ma bai yi maka alfarma ba. Ina Kunkurun?”

Ya daina dariya, ya ja mu ciki. Ya ce in cire tunanin tuƙi daga kaina. Kanwa ta yi nisan da in ka yi magana da hantsi, sai azahar take isa, amsa kuma sai la'asar. Ga shi hasumiyar ba ta fuskantar Kanwa sai da safe, don haka ƙunshin umarni ɗaya ake aikawa a yini. Abin da ka ƙunsa ka aika, ya tafi, ko ka bi shi da kuka.

“Ba tuƙi muke yi a nan ba,” in ji shi. “Aike muke yi.”

Hansatu ta nuna mini manhajojin da suke aiki da su. Akwai Madubi, wanda ke ɗinke hotunan da Kunkuru ya aiko ya shimfiɗa su a ɗaki, har na ga kaina tsaye a kan farar ƙasa da silifas ɗina. Na miƙa hannu in taɓa wani dutse, hannuna ya wuce ta cikinsa, Dogara ya yi ta ƙyaƙyatawa. A can gefen yamma wata 'yar fitila tana ci, ruwan ɗorawa. Hansatu ta ce alamar iskar ɗakin ƙawarta ce, in ta yi ja ta mutu, shi ke nan. Akwai kuma Inuwa, tagwayen Kunkuru na ƙarya, wanda ake fara tura shi a cikin Madubi a ga ko zai kai. In Inuwa ya nutse, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Na ƙarshen shi ne Mai-Jere. Shi yake tambayar me za a fara, me zai biyo, ya auna ƙarfin ranar da ke cikin faranti, ya ɗaure ƙunshi.

Na ɗora tafina a kan allon. Da la'asar hoto ya zo: tsohon Kunkuru ya ɗaga wuya, ya kakkaɓe kanwa daga bayansa. Kashegari muka aike shi rumbu ya ɗauki tulunan iska da akwatin magani. Wannan ya tafi daidai.

Safiya ta gaba ɗakin ya cika. 'Yan uwan mutanen Tagulla sun iso, cikinsu har da Lantana, matar ɗaya daga cikinsu mai suna Barau, wanda dutse ya danne wa ƙafa. Ta gaishe ni har ƙasa, idonta jawur. Sai Mai-Jere ya yi magana da muryarsa mai sanyi, kowa na ji:

“Mai Kunkuru, wa za a fara kai wa?”

Ku sa kanku a matsayina. Baƙi ne, a hasumiyarmu, matar ɗayansu na kallon bakina. Aka ce in zaɓa tsakaninsu da 'yar farina. Bakina ya faɗi abin da bakin kowace uwa a Lilo zai faɗa.

“A fara da baƙi. Waccan ai ba yarinya ba ce, ta jira.”

Ɗaki ya ɗauki “Allah ya yi albarka, dattijuwa.” A gidajenmu in uwa ta faɗi haka, kowa ya san kara ce. Wata ce za ta tashi tsam, ba tare da ta ce komai ba, ta kai wa yaron nasa tuwon tun da zafi. Dogara ya dubi Hansatu, Hansatu ta dubi Dogara. Shi ya ɗauka ta juya jeren, ita ta ɗauka ya juya. Ni kuma na ɗauka dukansu sun juya. Inuwa ya riga ya bi hanya ya nuna lafiya, don shi ƙafafun Kunkuru kawai yake dubawa. Rana na neman wuce hasumiya, aka ce in sa hannu. Na sa.

Da la'asar Madubi ya shimfiɗa sababbin hotuna. Na tsaya ina kallo, na ce, “Hansatu, me ya sa fitilar nan take bayanmu?”

Dogara ya cire hula. Hansatu ta ce, “Baba Dogara, ba ka juya ba?” Ya ce, “Na ga hannunki a kan allo.” Na juya ga Mai-Jere na ce, “Kai, wa ya ce ka tura shi gabas?”

“Abin da kika ce na ɗaure.”

Hansatu ta fashe da kuka. Na ce, “Share fuskarki, ba a yi mutuwa ba tukuna. Nuna mini hanyoyi.”

Kunkuru ya riga ya yi nisa gabas, har ɗakin mutanen Tagulla ana hango shi. Mai-Jere ya auna. In ya ƙarasa wurinsu ya sauke magani sannan ya juya, fitila ta mutu. In ya koma ta tsohuwar hanya mai tauri, fitila ta mutu. Hanya ɗaya ta rage, a yanke kai tsaye ta kan Tafkin Ɓawo, inda jirginsu ya nutse, kuma a juya gobe-gobe, ko taku ɗaya kada a ƙara gaba.

Muka tura Inuwa. Ya nutse. Muka canza masa hanya, ya nutse. Na ga kunkurun mijina yana nutsewa a gabana har na daina kau da kai. Hansatu ce ta gano inda matsalar take. Ta ce hanya ɗaya muke ba shi, alhali ba wanda ya san ɓawon nan sai ƙafar da ta taka shi. A ba shi “idan”. Idan ka ga kaza, yi kaza.

Na ce wannan ai aikina ne, na shekara ina aiken mutane kasuwa. Na zauna na jero masa: idan ka ga fari sosai, idan ka ga toka-toka, idan ka ji ɗumi, idan ka ji ƙara, idan gefen dama ya fi hagu. Muka saki Inuwa. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya juya dama, ya juya hagu, ya yi ta zagaye wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, har ƙarfinsa ya ƙare.

Dogara ya ce, “Haka kike aiken marigayi. Shi ya sa yake wuni a kasuwa ya dawo da albasa kaɗai.”

Na so in jefe shi da silifas, amma gaskiyarsa ce. Hansatu ta yi ta yankewa, ina ta gardama, har muka rage kaɗan. Idan ƙafa ta nutse, ja baya ka nemi inda ya fi fari. Idan ƙarfi ya yi ƙasa, tsaya a kan tauri ka sha rana. Sai ta ɗago ta dube ni.

“Saura ɗaya, Inna. Idan laka ta kama ƙafa ta ƙi saki, zai iya tsinke ta ya bar ta. Amma ba a gyarawa a can. Na Baba Madugu ne.”

“Baba Madugu yana kabari. Rubuta.”

Inuwa ya ƙetare, da ƙyar, yana ɗingishi.

Da safe ɗakin ya sake cika. Dogara ya raɗa mini cewa zai iya fitar da mutane, a yi abin a ɓoye. Na ce a'a, a gabansu na ɓata, a gabansu zan gyara. Na je gaban Lantana na tsaya.

“Lantana, jiya kara na yi, ba gaskiya ba. Kunkuru zai juya. 'Yata zan fara kai wa.”

Ta miƙe. “Iya, ga shi can a ƙofarsu! Suna ganin sa! Ƙafar mijina ruɓewa take yi.”

“Na sani. Tasa ƙafa ce. Tata numfashi ne.”

“Jiya kika sa aka yi ta sa miki albarka.”

“Su karɓe abarsu.”

Mai-Jere ya sake tambayarsa. Wannan karon ban dubi kowa ba. Na ce, “Tasalla.” Ga shi na rubuta ma, sau ɗaya, kada wani ya saba. Wata tsohuwa a bayana ta yi salati. Na ɗora tafina.

Kunkuru ya juya a kan idon mutanen Tagulla ya hau tafki. Yinin farko ya yi tafiya mai kyau. Yini na biyu amsa ta zo da duhu, ƙarfi ya faɗi warwas, yana tsaye wuri ɗaya. Da Madubi ya ɗinke hoton, sai muka ga fukafukai. Wasu 'yan tsuntsaye ne na gishiri, jikinsu garai-garai kamar ƙanƙara, sun ji ɗumin faranti sun sauka a kai sun rufe shi ruf. Fitilar yamma kuwa ta fara ja.

Na ce a girgiza su. Hansatu ta gwada a Inuwa, girgizar ta fasa ɓawon ƙarƙashinsa. Dogara ya murza gemu ya ce, “Anaruwa ya taɓa haɗuwa da su. Ba korarsu ya yi ba, masauki ya canza musu.” Akwai wani akwati a wutsiyar Kunkuru da ake ɗumama shi in za a narka ƙanƙara. Muka kashe sauran ƙarfin da ya rage wajen hura shi. In dabarar ba ta ci ba, Kunkuru ba zai sake tashi ba. Da la'asar ta gaba hoto ya zo: faranti fes, rana na dukan sa, tsuntsaye kuma sun dunƙule a wutsiya kamar tsintsiya, yana tafe yana jan su.

Ƙunshin ƙarshe muka ɗaure shi da fitila ja wur, tana lumshewa tana buɗewa. Ƙarasa tafki, hau gaɓa, ƙwanƙwasa ƙofa, sauke tulu, jira. Hansatu ta ce akwai ɗan wuri a ƙunshin, in ina son in sa murya. Na matsa kusa na ce, “Buɗe ƙofa. Ga iska.”

Dogara ya ce, “Shi ke nan?”

“Waƙa kake so in yi mata?”

Daga hantsi zuwa la'asar ban san akwai nisa ba sai ranar. Da aka kira azahar na yi salla, na zauna a kan dardumar, sai ya faɗo mini cewa yanzu haka abin ya riga ya faru. Ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, an gama, mu labari kawai muke jira. Na yi ta warware bakin zanina zare-zare ban sani ba.

Hotunan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na farko, Kunkuru ya waiwaya: ga ƙafarsa can a tsaye cikin laka kamar taɓarya. Na biyu, gaɓa. Sannan ƙofa, a rufe. Na gaba, a rufe. Na gaba ma a rufe. Hansatu ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Sai wani hoto ya zo duk duhu, na ce na'urar ta lalace. Dogara ya ce, “A'a. Hannu ne. Wani ya dafa masa ido.”

Sannan murya ta fito, a shaƙe, tana haki:

“Yaya… wa ya koya miki aike? Kin karya wa Baba kunkuru.”

Ɗaki ya kaure da sowa. Ni na juya na fuskanci bango, na daɗe ina duba wani tsagi da ke jikinsa. Sannan na ce, “Gobe ku ce mata ta rufe bakinta, iska take ɓatawa.”

Da gari ya waye Mai-Jere ya tambaya, na ce gabas, wurin baƙi. Dogara ya riƙe hannuna kafin in ɗora.

“Kuluwa, wannan kara ce ko gaskiya? Mu sani.”

“Sakar mini hannu, tsohon banza.”

'Yar tawa ta hau bayan Kunkuru, suka bi doguwar hanya mai tauri da ƙafa biyar, suka kai magani. Ya ceci ran Barau, bai ceci ƙafar ba. Da jirgi ya kwaso su, a can hasumiya aka yanke ta daga gwiwa. Yanzu da ta ƙarfe yake tafiya a Birnin Tagulla. Shi yakan aiko mini da gaisuwar salla, har ya yi wasa ya ce shi da Kunkuru kunnen doki suka yi. Lantana kuwa tun ranar ba ta sake amsa sallamata ba. Duk shekara nakan ƙulla mata daddawa in aika a kwandon igiya, duk shekara takan dawo da ƙullinta yadda na ɗaure. Ta bana tana nan a kan rumbu tana bushewa. In ta yi, ɗayanku zai kai mini tasha.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a Duniyar Kanwa, wadda ban taɓa takawa ba. Wanda ya ji ƙari a wani bakin, na mai bakin ne. Allah ya sa mu cika da imani.